Madarar da Kawu Ya Sha

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Talata da hantsi, a kan gadonsa na igiya, ƙarƙashin rumfar da ya kafa da hannunsa. Bai yi doguwar jinya ba. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa a bayan gari, kusa da tur'a, babbar hanyar ruwan da ya ƙare rayuwarsa yana bin gefenta.

Masu gaisuwa ba su yi yawan da za su yi a da ba. Yaƙi ya watsa mu. Wasu suna Damazin, wasu sun ƙetare iyaka, wasu har yau ba mu da labarinsu. Amma waɗanda suka rage sun zo, har da mota guda daga Managil. Kowa ya shigo sai ya ɗaga hannu ya ce Fatiha, mu miƙe mu amsa, ya yi ta'aziyya da Larabci ya ce "Albaraka fikum," ya nemi wuri a tabarma. Taubashinsa, wanda suka yi shekara saba'in suna tsokanar juna, ya zauna a rana a bakin rumfa ya ƙi shigowa. Da aka ce ya matso inuwa sai ya ce, "Ku bar ni nan. Wanda ka korata daga inuwar ya tahi." Liman ya fara magana a kan halin mamacin, ya kai tsakiya, muryarsa ta ƙi, sai ya ce a yi salati.

Washegari da sassafe, muna shimfiɗa tabarmi, Inna mai shanu ta zo. Maƙwabciyarmu ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, da madarar shanunta ta reni 'ya'yanta huɗu. Ba ta bi ta ƙofar mata ba. Ta zo har bakin rumfar maza riƙe da wani tsohon kofin silba cike da madara, ta ajiye shi a gefen gadon da babu kowa a kai, ta juya ta tafi. Tsofaffin wurin suka sunkuyar da kai. Wani daga cikin baƙin Managil ya tambaye ni da Larabci ko wata al'ada ce tamu. Na ce masa a'a, ba al'ada ba ce, labari ne.

Labarin nake so in rubuta, domin a nan ƙasar da ake Larabci 'ya'yanmu sun fara manta Hausa, kuma wanda ya manta harshe yakan manta da mutanen da suka yi magana da shi. Akwai kuma wani dalili. Ina da hannu a cikin kuskuren da ya jawo kofin nan.

Kawu manomin auduga ne, ko kaɗa kamar yadda shi yake cewa. Ya gaji hawasharsa, wato gonar da aka yanka wa mahaifinsa a cikin ƙasar ban ruwa, kuma bai taɓa kwana biyu a jere bai taka ta ba sai lokacin da ya je hajji da lokacin da yaƙi ya kore mu. Ba shi da sarauta. Amma idan rigima ta tashi kan wanda zai fara buɗe ruwa, shi ake kira. Yakan zo ya tsuguna, ya cusa yatsa a ƙasar wannan, ya cusa a ta wancan, ya ce, "Ƙasa ta riga ta yi shari'a, ni dai na faɗa muku abin da ta ce." Ba ya yawan magana, shi ya sa idan ya yi take da nauyi. Mahaifiyata takan ce yayanta idan ya ce gobe Juma'a ce, ko ranar Litinin ce mutane sai su fara wanke riguna.

Da aka kawo sabon irin auduga, wanda ake ce wa muhawwar saboda an taɓa halittarsa don tsutsa ta kasa cin ƙwallon, Kawu bai yi gaggawa ba. Shekarar farko ya shuka layi kaɗan ya zuba ido. Ya ga tsutsa ta ragu ƙwarai, feshin magani ma ya ragu, ya faɗi haka. Ya ga ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ganye ba su san an yi wani sabon iri ba, wannan ma ya faɗa. Abin da bai so ba har ya koma ga Allah shi ne manomi ya riƙa jiran iri daga hannun wani. Yana da wani tulu a ɗakinsa da yake ajiye anguryar tsohon iri, duk shekara ya shuka kaɗan a gefen gona don kada ya mutu. Amma shekaru sun wuce ana noman sabon, ana matse man anguryarsa, ana ba dabbobi umbaz, wato tunkuzar da ke saura bayan an matse man, kuma babu wanda ya ce uffan.

Sai shekarar korona ta zo, kalmar fairus ta shiga bakin kowa, har tsofaffin da ba su taɓa jin ta ba. A cikin wannan tsoro ne wani saƙo ya shigo wayata. Yana cewa an saka fairus a cikin audugar muhawwar, yana bin angurya ya shiga umbaz, ya shiga saniya, ya fito ta madara. Ban tsaya na yi tunani ba. Na tarar da Kawu yana gyara igiyar gado na karanta masa, na fassara masa da Hausa. Ya ce in sake. Na sake.

Bayan sallar la'asar, a rumfar masallaci, mutane suna zaune, ya ce, "Na ji wata magana. An ce akwai fairus cikin kaɗar nan. Ban sani ba. Amma ni dai ba ni shan madarar saniyar da ta ci umbaz sai na gane."

Ya ce bai sani ba. Ni shaida ne. Amma babu wanda ya ɗauki wannan ɓangaren zuwa gida.

A ƙauyenmu masu saniya ɗaya ko akuya sukan sake su su yi kiwo a gefen tur'a. Inna ce kaɗai take ɗaure shanunta uku a gida tana ciyar da su da umbaz da karan dawa, saboda ba ta da mai kai su kiwo, kuma ita ce take ba rabin gari madarar shayin safe. Cikin kwana uku ƙofarta ta yi shiru. Ta mayar da madarar nono, babu mai karɓa. Ta kaɗa ta yi mai, shi ma haka. Wata mata da ɗanta ya yi zazzaɓi ta tsaya a bakin famfo tana cewa madarar Inna ce. Aka fara hana yara wasa da jikokinta. Kafin wata guda ya cika muka ji ta aika wa ƙanenta a Damazin cewa za ta sayar da shanun ta koma wurinsa, ta bar gidan da ta haifi 'ya'yanta a ciki, ta bar kabarin mijinta.

Kafin ta yanke, ta zo wurin Kawu. Ina nan, da matarsa. Ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Ya Haj, mi na yi maka?"

"Ba ki yi mini komi ba. Zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba. Shekara nawa kana ganin jikokinka suna shan madarata? Wane ne ya mutu? Wane ne ya yi ƙaho?"

"Ni ban ce madararki ba. Cewa na yi ban sani ba."

"To in ba ka sani ba mi ya kai bakinka masallaci? Ni in ban san abu ba, a kicin nike faɗinsa, tukunya ta ji. Kai ka san bakinka ba irin nawa ba ne. Ka buɗe ruwa ka tahi gida ka kwanta, gonata ce ta nutse."

Ban taɓa jin an yi wa Kawu magana haka ba. Na miƙe zan sa baki, ya ɗaga mini hannu. Sannan ya ce, "Kin yi gaskiya. Ki ba ni kwana goma. Kada ki sayar da ko wutsiya."

"In kwana goma sun cika fa?"

"In cuta ce, ni zan zo in gaya miki da bakina, in raka ki kasuwa. In ba cuta ba ce, ki bar mini sauran."

Taubashinsa yana da 'ya da ta yi karatun noma mai zurfi, tana aiki a Wad Madani. Da Kawu ya je neman kwatancen gidanta, taubashin ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Yau ga ranar da nike jira. Mai shari'ar ruwa zai je ya durƙusa gaban ɗiyata da allo." Kawu ya ce, "Ai hankalin uwarta ta ɗauko, shi ya sa." Da hanya ta samu muka hau bas, ni da shi. Tun daga Managil har muka isa bai yi mini maganar saƙon ba, bai ce laifina ne ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Ta karɓe mu da murna, ta kawo abinci. Hausarta ta yi rauni, tana yi tana cikawa da Larabci, ni ina taimaka mata. Kawu bai taɓa abincin ba sai da ya yi tambayarsa.

"Ɗiyata, kalma ɗaya nike so. Akwai fairus cikin kaɗar nan ko babu?"

Ta ce, "Baba, kalma ɗaya ba za ta ɗauka ba. Ka ba ni uku."

Ta ce kowace shuka tana da rubutun halittarta a cikin ƙwayoyinta, kuma a audugar nan an ƙara wani ɗan rubutu da ke sa ta yin abin da ke kashe tsutsa. Amma rubutun ba ya aiki sai da abin da zai buɗe shi, kamar yadda ruwa ba ya shiga gona sai an buɗe ƙofar tur'a. Wannan mabuɗin, in ji ta, a irin waɗannan shuke-shuke galibi daga wani fairus ake ɗauko shi, mai kama kabeji da danginsa, saboda ya iya buɗe ƙofa a jikin shuka.

Kawu ya ce, "Ashe da gaskiyarsu."

"Da guntun gaskiya, Baba. Mabuɗin aka ɗauko, ba a ɗauko ɓarawon ba. Guntun nan shi kaɗai ba ya zama fairus, ba ya haihuwa, ba ya tafiya."

"Mabuɗin ɓarawo ba ya kiran mai shi?"

Ta ajiye cokalinta. Ta ce wannan tambayar masana ma sun yi ta. Sun lura guntun yana ɗauke da ɗan ɓangaren wani rubutu na fairus ɗin, aka yi gardama a kai, aka bincika, ba a ga abin da zai cutar da mutum ko dabba ba. Sannan ta jawo farantin salatin da ke gabanmu. Ta ce fairus ɗin nan gaba ɗayansa, ba guntu ba, mutane sun daɗe suna cinsa a ganyen kabejin da ya kamu, tun kafin a san sunansa. Ciwon shuka ne, ba ya kama mutum, ba dangin korona ba ne. Abin da saniya ta ci kuma cikinta yana narkar da shi kamar kowane abinci.

Kawu ya ce, "To mi ya sa tun kakanninmu ba mu ba kaji angurya, ba mu ba ɗan maraƙi?"

Ta yi murmushi. Ta ce wannan gaskiya ne, amma dafin angurya ne na asali, wanda Allah ya halicce ta da shi. Yana cikin tsohon iri, yana cikin sabo. Babbar saniya tana iya ɗaukarsa in ba a wuce kima ba, kaza da ɗan maraƙi ba sa iyawa.

"Za ki rantse babu abin da zai faru har abada?"

"A'a, Baba. Gaibu na Allah ne. Abin da aka duba na faɗa maka. Amma 'ya'yana suna shan madarar shanun da ke cin umbaz kowace safiya."

Sai a lokacin ya wanke hannu ya ci abinci. Na ga ya ɗebi salatin da gangan.

A hanyar dawowa ya ce mini, "Inda mutum ya zubar da magana, nan yake komawa ya kwashe ta." Ranar Juma'a bayan an sallame ya miƙe a rumfar nan, a daidai inda ya zauna ranar farko. Ya faɗi abin da ya jiyo, da mabuɗin da ɓarawon, bai ƙara ba bai rage ba. Ya faɗi har inda matar ta ce ba ta san gaibu ba. Sannan ya ce, "Na yi magana kan abin da ban sani ba, ta faɗa kan marayu. Ku shaida na yi kuskure." Bai ambaci sunana ba, bai ce daga wayata maganar ta fito ba. Ni kuma ina zaune a sahu na biyu, ban miƙe na ce ni ne ba. Yau nake faɗa.

Mun zaci shi ke nan. Amma magana zarar bunu ce. Wani ya ce, "Ai da bakinsa ya ce akwai guntun fairus." Wani ya ce mutanen birni sun juya tsoho. Liman kansa, mutumin kirki, ya ce barin abin da ake kokwanto ya fi. Kawu ya ce masa, "Malam, kai ka bar kokwanto, ita za ta bar gidanta. Ba nauyinsu ɗaya ba." Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su. Kwana goman da ya roƙa suka cika, ƙofar Inna tana nan shiru.

Rana ta goma sha ɗaya, da gari ya waye, lokacin da mutane ke fita gona da jakuna da kekuna, Kawu ya ɗauki kofin silba ya je ƙofar Inna ya yi sallama da ƙarfi. Ya ƙi shiga. Ya ce ta tatso masa a kawo nan waje. Ya tsaya a tsakiyar hanya, inda dole mai wucewa ya kauce masa, ya ce bismillah, ya shanye, ya kife kofin don a ga babu saura. Ya gaisa da kowa da sunansa. Washegari ya dawo. Jibi ma haka.

Taubashinsa ya samu abin yi. Yakan tsayar da jakinsa ya ce, "Jama'a ku zo ku ga jariri mai furfura! An yaye ka ko ba a yaye ka ba?" Wata rana ya ce, "In aure kake nema ka faɗa mu kai goro, ka bar wahalar da shanu." Inna ta leƙo ta katanga ta ce, "Wa zai auri mai bakin da ya kusa cinye mini garke?" Kawu ya ce da taubashin, "Sauko ka sha, ko ƙafafun nan naka sa yi ƙwari, jakin ya huta." Ya sauko ya sha. Shi ne na biyu.

Ba a dawo rana ɗaya ba. Mata suka fara aiko da kwano a ɓoye ta ƙofar baya. Da wata biyu suka wuce aka ga tsoho bai faɗi ba, har ya fi kowa saurin zuwa gona, sai kunya ta fara kama mutane. Matar da ta yi magana a bakin famfo ta zo da kanta. Liman ya aiko a karɓo masa madarar shayi. Inna ta aika wa ƙanenta cewa ta fasa.

Na ce masa, "Kawu, ai an gama. Ka huta." Ya ce, "Ciyawar da ka sare ba ka tone saiwarta ba, ruwan farko take jira." Bai daina ba. Shekara ta juyo, wata ta biyo, kofin yana rataye a ƙusa a bakin ƙofarta. Lokacin da yaƙi ya iso yankinmu muka bar gari da abin da hannu zai iya ɗauka. Da muka dawo, shanun Inna biyu babu su, sai ɗaya da wani makiyayi ya tsare mata. Tulun tsohon irin Kawu an fasa shi. Ya tsuguna ya tsince abin da ya samu a ƙasa, ya ƙulle a bakin rawaninsa. Da saniyar ta haihu ta fara ba da madara, safiyar farko yana ƙofar da kofinsa. A lokacin babu mai tuna maganar fairus, mutane sun ga abin da ya fi ta. Duk da haka ya je.

Ranar uku da rasuwarsa, da aka yi addu'a aka fara naɗe tabarmi, na shiga cikin gida in yi wa matarsa sallama. Na tarar da ita da Inna zaune a tabarma ɗaya, kofin yana tsakaninsu, an wanke shi. Inna tana cewa ko ranar da zai rasu sai da ya aiko a karɓo masa, bai samu sha ba.

Matar Kawu ta share ido da gefen mayafinta. Ta ce, "Yanzu da ya tahi zan faɗa, ya hana ni da yana da rai. Mutumin nan ba ya son madara. Tun yana yaro. Shekara hamsin ina yi masa shayi baƙi. In ya dawo daga ƙofarki sai ya zauna bayan ɗaki ya riƙe ciki, in ba shi jar kanwa. Na ce masa ya bari, ya ce bakin da ya yi ɓarna shi zai yi gyara."

Inna ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta ɗauki kofin tana juya shi a hannunta. Can ta ce, "Kuma kullum sai ya ce in cika masa."

Na roƙe ta ta ba ni kofin. Ta dube ni ta ce, "Kai kana son madara?" Na ce ina so. Ta ce, "To ba naka ba ne." Ta sa shi cikin mayafinta ta tafi da shi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa maganar da ya yi bai sani ba, ya karɓi wadda ya gyara. Ya shayar da shi daga ƙoramun Aljanna, abin da ransa yake so. Mu da muka rage, Allah ya kama mana harsunanmu. Amin.